Ranar da tsohon ya miƙa min ashana yace in hura sauna

Wlh da a ce wani ya faɗa min shekaru biyar baya cewa wata rana zan ɓata awa uku ina kwasar toka da ɗiban ruwa da faskare da hura wuta don kawai in shiga wani ɗan ɗaki in zauna zafi ya dafa ni, da addu'ar samun lafiya zan yi masa. Ni da na taso a Funtuwa kuma na yi bautar ƙasa a Sakkwato inda a watan Afrilu ko fanka ka kunna iskar wuta take huro maka, meye haɗina da neman zafi da gangan? To ga shi dai yanzu ni ne nake roƙo a bar min hura wutar.

Karatu ne ya kawo ni Kuopio, wani gari a gabashin Finland da tafkin Kallavesi ya kusa zagaye shi. Ƙasar nan mutanenta ba su fi miliyan biyar da rabi da ɗoriya ba amma sauna, wato irin ɗakin zafin nan, da ke cikinta ta kai wajen miliyan uku, kusan ko wane gida akwai, har UNESCO ta saka al'adar cikin jerin kayan gadon duniya a 2020. Benen da nake haya ma akwai guda ɗaya a can ƙasa, ta lantarki, kowa da awarsa ɗaya a sati. Na shiga sau biyu naji kamar an kulle ni ne a cikin mota da tsakar rana a Kasuwar Kwari, na fito nace wannan abun su dai ya dama. Da na faɗa wa wani abokina da muke aiki tare, ɗan ƙasar, sai ya girgiza kai yace wannan ai hita ce kawai aka ɗora wa duwatsu, in bari sai Juhannus ya kai ni gidan gonarsu in ga ta itace.

Juhannus shi ne bikinsu na tsakiyar bazara, Asabar ɗin da ta faɗo tsakanin 20 da 26 ga Yuni, kuma tun ranar Alhamis gari yake zama kamar an yi shara, kowa ya gudu bakin tafki. Ɗan gidan katakon da suke zuwa suna ce masa mökki. Nasu abokina tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, babu lantarki babu famfo, bayan gida ma na rami ne a can gefen daji, na yi dariya nace ashe masai har Turai ya zo. Babansa ya riga mu isa, tsoho ne ya haura saba'in, ba ya magana sai ta kama dole. Su a nan sunan yanka suke kiran kowa har iyayen abokansu, ni kam bakina ya ƙi, Baba nake ce masa, kuma bai taɓa hana ni ba.

Abu na farko da na fara warwarewa tun a mota shi ne maganar tsiraici, don nasan yadda suke shiga. Nace wa abokina ni fa addinina bai yarda in buɗe al'aurata ko in kalli ta wani ba, in hakan zai zama matsala gara in jira su a waje. Yace ba komai, dama mata daban suke shiga maza daban, matan gidan ne suke fara shiga sannan mu, kuma zai yi wa Baba magana. Haka kuwa aka yi, na shiga da wandona mai kaiwa gwiwa, su ma suka sa nasu, babu wanda ya sake tada zancen har muka bar wurin. Na faɗi wannan ne saboda nasan shi ne abun da zai fara zuwa ran duk wanda yake karantawa.

Ranar farko ɗan kallo ne ni. Ranar ta biyu ce bayan mun ci abincin rana, wajen ƙarfe uku, Baba ya zo ya ajiye kwalin ashana a gabana yace ƙarfe shida mata za su shiga, ya juya ya tafi abinsa. Abokina yana ta murmushi, wai shi sai da ya shekara goma sha biyu kafin a ba shi ashanar nan. Ni kuwa a raina nace haba, ni da na taso ina hura wa Inna murhu tun ina aji uku, da damina ma da ɗanyen itace, wuta ce za a koya min?

Bari in kwatanta wurin don a gane. Ɗaki ne na gungumen katako a dab da ruwa, akwai 'yar baranda, sai ɗan wurin cire kaya, sai ɗakin zafin kansa wanda bai fi shagon mai caji girma ba. A ciki akwai bencina hawa biyu da matakala, sai murhun a kusurwa, shi suke kira kiuas. Akwatin ƙarfe ne tsayinsa kamar ƙugu, da ƙofar gilashi inda ake zuba itace, a ƙarƙashinta akwai durowar toka, a samansa an jibga baƙaƙen duwatsu, sai bututun hayaƙi da ya huda rufi ya fita, kuma an zagaye bututun da wani tankin ruwa mai ɗan famfo wanda zai ci kamar lita talatin.

Toka na fara kwashewa don naga Baba ya yi haka jiya. In ta cika durowar iska ba ta samun hanyar shiga ta ƙasa. Akwai bokitin ƙarfe mai murfi da aka ware mata, ba a zuba ta a na roba ko a kwali ko da kuwa kana ganin ta huce, garwashi yana iya kwana a cikin toka da ransa, kuma gini ne na katako a tsakiyar daji. Sai ruwa. Nan ne naji jiki. Akwai wata 'yar gadar katako da ta shiga cikin tafkin, a ƙarshenta kake durƙusawa ka cika bokiti biyu ka hauro, tanki ya ci uku, baron ruwan sanyi na wanka ya ci wajen takwas, ga bokitin katako na zuba wa duwatsu. Ga sauro kuma, jama'a sauron Finland na watan Yuni ba ya sa zazzaɓin cizon sauro amma wlh a yawa ya ci uban na Fagge, ta cikin riga yake cizo. Abu ɗaya da abokina ya ja min kunne a kai tun jiya shi ne kar in kuskura in kunna wuta tankin nan babu ruwa, ƙarfen zai yi ja ya lanƙwashe, in kuma ka zo ka zuba ruwan sanyi a kansa a lokacin to ka gama da shi, kai ma tururin zai iya ƙona ka.

Itacen yana wata rumfa a baya, an jera shi reras kamar littattafai, iska tana ratsa shi ta ko ina. Yawanci koivu ne, wata bishiya mai farin ɓawo da ɗigo ɗigon baƙi wadda ta cika ƙasar, ita ce ta fi ba da zafi da garwashi mai daɗewa. Da farkon bazara suke sarewa su faskara su bar shi ya bushe duk tsawon bazarar, wanda muka ƙona ma na bara ne. Yadda ake gane busasshe kusan irin namu ne, ka haɗa guda biyu ka buga, in ya yi ƙara ƙwal ya bushe, in ya yi dum akwai ruwa a ciki. Akwai kuusi, mai ganye kamar allura, shi kuma tartsatsi gare shi kamar ana soya gyaɗa. Na ɗauki gatari na ƙara tsaga wasu suka zama sirara, nan kam na nuna musu ni ɗan gida ne, ko Baba sai da ya tsaya ya ɗan kalla.

Daga nan aka fara abun kunya.

Na cusa itace a murhun nan har bakin ƙofa don ina so in gama da wuri in burge, na tura ƙirare a ƙasa yadda muke yi, na waiga ina neman kalanzir ko 'yar leda babu, sai na yaga takarda na kunna. Ta kama kamar gaske. Na rufe ƙofar gilashi, na tura durowar toka ta rufu ruf don ni a ganina tsafta ce. Minti biyu ba a yi ba wutar ta mutu, hayaƙi ya fara fitowa ta gefen ƙofa, ta tsakanin duwatsu, ta ko ina dai banda bututun da aka yi dominsa. Na buɗe na durƙusa ina fuu fuu da baki kamar a gaban tukunyar tuwo, hayaƙin ya turnuƙe ɗakin, idona yana zubar da hawaye, ina tari, na ƙarar da ashana ta kai goma. Da na fito shan iska sai naga Baba zaune a baranda da kofin kofi a hannu, ashe tun ɗazu yana nan yana kallon tafki, bai ce min uffan ba. Sai da ya shanye kofinsa tas sannan ya tashi.

Ya shiga, ya miƙa hannu sama jikin bututun ya jawo wani faranti na ƙarfe da ni ban ma lura da shi ba, ashe murfin hanyar hayaƙi ne, jiya da wuta ta mutu gaba ɗaya ya rufe shi. Wato duk fafutukar da nake yi bututun a toshe yake. Ya jawo durowar toka kamar faɗin yatsa biyu. Ya kwashe fiye da rabin itacen da na cusa ya ajiye gefe. Sai ya ɓare ɓawon koivu ɗan kaɗan ya kunna ya riƙe shi can ciki ta sama kusa da bakin bututun na ɗan lokaci, naga hayaƙin da ke yawo ya fara karkata yana bin hanya. Daga baya abokina ya min bayani, iskar da ke cikin bututu in ta yi sanyi nauyi gare ta, tana zaune kamar toshiya, sai ka ɗan ɗumama ta ta fara hawa sannan ta ja sauran. Sannan ya jera manya guda uku a ƙasa da 'yar tazara a tsakaninsu, matsakaita a kansu a gicciye, sirara a sama, ɓawo a can ƙololuwa. Ashana ɗaya tak. Daga sama ya kunna. Ni a raina nace wannan ai ba za ta ci ba, wuta sama take yi ba ƙasa ba, amma gani ya kori ji, ta kama ɓawon nan mai maiƙo da ƙara, ta dinga cin hanyarta tana sauka a hankali, kuma hayaƙin da manyan na ƙasa suke fitarwa in sun ɗau zafi dole ya ratsa ta cikin harshen wutar ya ƙone, shi ya sa in ka fita waje ka ɗaga kai da kyar kake ganin wani abu yana fita ta bututun. Ya miƙo min ashanar ya koma barandarsa.

Sauran aikin na haƙuri ne. Muka buɗe ƙofa da taga hayaƙina ya fita, na goge bencina da tsumma, na zauna a bakin ƙofa ina gadin wuta. Duk bayan kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, in wutar ta faɗa ta koma garwashi, sai in ƙara guda biyu ko uku, ba a cika shi, ba a kuma barinsa ya mutu. Sautin ma yana gaya maka, in tana wani gurnani mai ƙarfi kamar injin to iska ta yi yawa zafin duk bututu yake bi yana fita, sai ka ɗan tura durowar, in kuma harshen ya yi ja ja yana lilo gilashin yana baƙi to tana neman iska. Akwai ma'aunin zafi a bango, na ga ya tashi daga 18 zuwa 40 zuwa 60, da ya kai 75 bayan kamar minti hamsin na ruga da murna nace an gama. Baba ya zo ya ɗebi ruwa kaɗan a ludayi ya ɗiga a kan duwatsun, ruwan ya tafasa yana ɓulɓul ya gangara ƙasa. Ya girgiza kai. Iskar ɗakin ce ta yi zafi, duwatsun ba su nuna ba, katakon bango ma bai sha zafi ba tukuna. Sai da aka ƙara kusan rabin awa ya sake ɗigawa, wannan karon wani tsss mai kaifi ya yi ruwan ya ɓace nan take ko ɗigo bai sauka ba. Nan ya gyaɗa kai, kuma wannan gyaɗa kan shi ne duk yabon da na samu ranar.

Wani abu da ya tsaya ya min magana a kai da bakinsa, jimla kusan biyar a jere wanda a wurinsa huɗuba ce, shi ne farantin nan na bututu. Yace kar in taɓa rufe shi matuƙar akwai sauran garwashi mai rai, balle in ana ganin ɗan shuɗin harshe a kansa, saboda häkä. Ita ce iskar gubar nan da ba ta da wari ba ta da launi, wadda take kashe mutanenmu in sun shiga da gawayi ɗaki lokacin hunturu sun rufe ƙofa, ko masu kwana da janareta a cikin gida. Da ya faɗa nan take na gane, don a unguwarmu ma an taɓa yin irin wannan rashin. Gara ka yi asarar zafi ta bututu.

Kafin mata su fito muka shiga dajin bayan gida yanko vasta. A yammacin ƙasar vihta suke cewa, a nan gabas vasta, kuma har yau suna tsokanar juna a kan wanne ne daidai kamar mu da Sakkwatawa. Rassan koivu ne sabbi masu ganye, tsayin kamu biyu haka, a haɗa su dami ɗaya a zage ganyen gindin, a murɗa wani siririn reshe har ya yi laushi a ɗaure da shi. Daidai lokacin Juhannus ganyen ya fi kyau, ya girma amma bai tsufa ba, shi ya sa wasu suke yin da yawa su shanya ko su sa a firiza saboda lokacin sanyi. Kuma ba a ko ina ake yanka ba, a ƙasar nan doka ta ba kowa dama ya shiga dajin wani ya yi yawo ya tsinci 'ya'yan itace da naman kaza, amma karya reshen bishiya mai rai sai da izinin mai wurin.

Wajen bakwai da rabi muka shiga. Ka cire agogo da zobe da tabarau, duk wani ƙarfe zai ƙona ka. Ka watsa ruwa a jiki, ka shimfiɗa ɗan tawul ka zauna a kai. Na hau bencin sama kusa da Baba, ma'auni yana nuna 85. Abun mamaki zafin bai dame ni ba, busasshe ne, laushi gare shi ba kamar na lantarkin nan ba, ga ƙamshin katako da ɗan hayaƙi, ga wuta tana haska ɗakin ta gilashi. A raina har na fara cewa ashe dai Sakkwato ta fi. Sai Baba ya tura min bokitin da ludayi da ƙafa, wai tunda ni na hura ni zan fara zubawa.

Tururin da ke tashi in an zuba ruwa a duwatsu shi suke kira löyly, kalmar da har yau in na faɗa sai sun yi dariya, kuma shi ne sauna ɗin gaba ɗaya, duk wahalar itace da wuta don shi ake yi. Ni kuwa da tunanin gida, ruwa ai sanyaya wuri yake yi, sai na kamfaci ludayi cike na watsa, na ƙara na biyu, na ƙara na uku. Daƙiƙa biyu ba abun da ya faru. Sai naji wani abu ya taso ya bugi rufi ya sauko min ta baya, kunnuwana kamar an ɗiga musu tafasasshen mai, ƙeyata, kafaɗuna, faratan hannuna ma zafi suke, na ja numfashi hancina ya ƙone, ban san sanda nace Innalillahi na duƙe na rufe fuska da hannu ba. Abokina ya gangara bencin ƙasa yana dariya yana zagina da yarensu. Baba ko gezau, idonsa a rufe, sai da abun ya lafa yace da kyau, amma ɗaya ya isa, kuma ana tambayar mutane kafin a zuba. Ma'aunin bango bai motsa ba fa, yana nan a 85 ɗinsa. Damshin ne yake sauka a fatarka ya sauke mata zafinsa, gumi kuma ya kasa bushewa balle ya sanyaya ka.

Da na koyi zuba rabin ludayi a hankali a wuri ɗaya sai naji abun da suke nufi. Yana zuwa ne kamar an lulluɓa maka bargo mai ɗumi daga sama, gumi ya ɓalle ta ko ina, ka yi shiru. Kowa shiru. Aka tsoma vasta a ruwan ɗumi aka ɗan kara ta a kan tururin, ɗakin ya cika da ƙamshin ɗanyen ganye, muka dinga bugun baya da ƙafafu da ita, ba zafi, wani daɗi ma take yi musamman inda sauro ya cije ni. A lokacin ne wani abu ya faɗo min a rai har na kusa yin dariya, amma na bar shi a cikina.

Bayan kamar minti goma muka fito a guje muka bi gadar katakon nan. Ruwan digiri 16 ne. Na tsaya a bakin matakala ina ta lissafi, abokina yace in na tsaya tunani ba zan shiga ba, na yi bismillah na sauka har wuya. Ihun da na yi ina jin har tsallaken tafkin an ji. Amma da na fito na zauna a baranda, tururi yana tashi daga jikina, zuciyata tana bugawa a hankali da ƙarfi, jikina ya yi sakayau kamar an sauke min buhu, sauron ma ya ɗan ƙyale ni. Sau uku muka yi haka, shiga, löyly, tafki, baranda, ina leƙa wutar ina ƙara mata guda ɗaya ɗaya a tsakani. Su suna shan giyarsu ni ina ɗirkar ruwa, kuma ruwan dole ne don abun da kake zubarwa na gumi ba kaɗan bane. Babu wanda yake gasa da wani, in ka ji ya ishe ka ka fita kawai. Sun taɓa yin gasar daɗewa a sauna ta duniya a garin Heinola, a 2010 wani ɗan Rasha ya mutu a zagayen ƙarshe cikin zafin digiri 110, daga nan aka soke ta.

A zama na uku ne bakin Baba ya buɗe. Yace mahaifiyarsa a sauna aka haife ta, don a da shi ne ɗakin da ya fi ko ina tsafta da ɗumi kuma akwai ruwan zafi, a nan mata suke haihuwa, a nan ake wanke gawa. Urho Kekkonen ma da ya mulki ƙasar daga 1956 zuwa farkon shekarun 1980, a irin wannan ɗakin aka haife shi a 1900 a Pielavesi, nan yankin namu na Savo. Irin ta da ɗin ita ce savusauna, ba ta da bututu sam, ana hura wuta ƙarƙashin tulin duwatsu awa shida ko fiye hayaƙi yana cika ɗakin yana fita ta wata 'yar kafa, sai wuta ta mutu a bar gubar ta fice sannan a shiga, bango duk baƙi ƙirin da kunkunniya. Yace tasu ta gidan kakansa gobara ce ta cinye ta, kuma wai haka yawancinsu suke ƙarewa.

Mun gama, na ɗauka shi kenan sai kwanciya, ashe da saura. Aka haɗa ruwan zafin tanki da na sanyi a baho muka yi wanka da sabulu, na ɗauraye bencina, na kife bokitai, Baba ya sa na jefa itace biyu na ƙarshe a murhu na buɗe 'yar tagar sama, wai wannan ba don mu bane don ɗakin ne, ya bushe kar katako ya ruɓe. Na cika kwandon itace na ajiye a gefen murhu da ɓawo a kai saboda wanda zai hura gobe. Ya nuna min duwatsun yace duk shekara sai an kwashe su an wanke an zubar da waɗanda suka farfashe an sake jerawa sakwa sakwa yadda iska za ta ratsa, kuma ba ko wane dutse ake ɗorawa ba, na bakin ruwa yana iya fashewa ya yi tsalle, nasu wani baƙin dutse ne mai nauyi da ake sayarwa a kwali. Bututun ma akwai masu sharar sa, gidan hutu irin wannan doka tace duk shekara uku. Muka ci soyayyen muikku, wasu ƙananan kifi da Kuopio ta yi suna da su, don tsiran da suke gasawa bayan sauna na alade ne. Na yi alwala a bakin tafki na jira magariba, rana ba ta faɗi ba sai bayan sha ɗaya na dare, kafin ƙarfe uku da 'yan mintuna kuma ta sake fitowa, tsakanin nan ma gari bai yi duhu ba.

Na koma a watan Fabrairu, sanyi ya kai 20 ƙasa da sifili, tafkin ya daskare har mota tana iya bi ta kai a wasu wuraren. Wannan karon sai da muka fasa ƙanƙara muka yi rami kafin mu samu ruwa, hurawa ta ci fiye da awa biyu don katakon kansa ya daskare, kuma da aka gama dole a tsiyaye tankin tas in ba haka ba ruwan ya daskare ya fasa shi. Ramin nan, avanto, na shiga da safa a ƙafa da hular ulu a kai, daƙiƙa biyar na yi na fito. Amma wutar da ashana ɗaya na kunna ta, daga sama, na jawo farantin tun kafin in taɓa itace, Baba yana baranda bai ko leƙo ba.

Abun da ya faɗo min a rai ranar da muke bugun jiki da vasta kuwa sai da na dawo gari na kira Inna na faɗa mata. Na kwashe labari tun daga ɗiban ruwa, hura wuta, tafasa ruwa, yanko ganye a ɗaure, a tsoma a ruwan zafi a dinga fyaɗa wa jiki har tururi yana tashi. Ta yi shiru tana ji, sai tace to kai ɗan nan ai wankan jego kenan, mu da ganyen darbejiya ko na tsamiya muke yi, kwana arba'in safe da yamma, ita da ta yi shi sau bakwai ba wanda ya ce mata al'adar duniya ce. Nace Inna ai su ma a cikin ɗakin matansu suke haihuwa a da. Tace to a cikinku ku ukun waye ya haihu, kai ko abokin naka ko tsohon? Tana dariya har da tari, naji tana ƙwala wa Goggo kira ta zo ta ji, wai in an gama wankan ta aiko min da kanwa in dama kunu.